Mahaɗi na Goma Sha Bakwai

Kanar ya iso tsibirin Goje da ruwan sama a kafaɗarsa,
ya shimfiɗa taswira a teburina, ya ɗora yatsa kan shuɗi,
inda babu dutse, babu gaɓa, babu ko ɗigon tawada.
Ya ce, "Injiniya Om, a nan nake son ƙasa.
Wadda jirgi zai sauka, babbar mota ta juya,
ba sai na roƙi kowa izinin tsayawa ba."

Na ce masa to.
Wata ashirin da shida ke nan wannan to ɗin na cin barcina.

Mun yanka ƙasar gida shida,
kowane gida ya fi filin ƙwallo tsawo,
cikinsa ɗakuna birjik, babu mai kwana sai iska.
A tafkin gwaji na fara ɗaure su tamau,
na tada raƙuman ruwa da inji, na tsaya riƙe da agogo.
Minti tara. Ƙas!
Ta karye a tsakiya kamar busasshen kara.
Ashe teku ba ta dambe da mai taurin kai:
kansa take ɗagawa, ta ɗaga ƙafarsa,
ta bar ƙugu ya ji da kansa.

Daga nan na koyi yi wa ƙarfe gwiwa,
ya rusuna in ruwa ya taso, ya miƙe in ya wuce.
Mahaɗi ashirin, kowanne ya fi motar bas nauyi,
ga sarƙar anga mai zobe kamar cinyar sa.

Amma zane zane ne, ƙarfe ɗaya ba ya amo.
Piyo Sunne ce ke ɗinke abin da na zana,
shekara talatin da ɗaya tana walda,
kwance rigingine a cikin duhun tanki,
tartsatsi na zuba mata a wuya.
In ta gama layi sai ta sa alli ta rubuta sunanta a gefe,
ko da fenti zai binne shi kafin azahar.

Ran nan wajen cin abinci ta ture kwanon miyarta,
ta ce, "Wai me za a ɗora mata?"
Na zaro takardar, na karanta mata:
dizal, shinkafa, ruwan sha,
bargo dubu huɗu, jini a cikin firiji,
harsasai, tayoyi, safa,
sai can ƙasa, a layin da na so in tsallake,
dogayen akwatuna ɗari biyu, babu komai a ciki.
Na ce, "Lissafina bai san bambanci ba, tan ai tan ne."
Ba ta tanka ba.
Sai daga baya aka ce min autanta, Sangcol,
wata biyar ke nan da shiga sojan ruwa.

Mahaɗi na goma sha bakwai ya ci jarrabawa,
an haska shi, babu tsaga, na sa hannu da kaina.
Cikin dare ta koma, ta kankare shi har gindi,
ta sake ɗinkin daga farko.
Kwana uku muka yi asara. Kanar ya bugo sau bakwai.
Na ce masa laifin damina ne.

Da asubar Talata jiragen ja huɗu suka fita da ita.
Masu noman kawa sun janye igiyoyinsu suna gunaguni.
Tun ba ta bar bakin tasha ba tsuntsayen teku suka sauka,
su ne rundunar farko da ta taka ta.
Ina jin gwiwoyin suna kuka ƙasa-ƙasa,
ina ƙirga su da kunne, ɗaya, biyu,
a na goma sha bakwai shiru.

Sunne na tsaye gefena, hular kwano a hammata,
ƙunar wuyanta ta fara sabuwar fata.
Ta daɗe tana kallo har abin ya koma zare a kan ruwa,
sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba,
"Can inda za a kafa ta,
waya tana shiga?"